Rasuwar Dattijo, Janareton Gidan Injiniya Khamis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin yawa, Injiniya Khamis na Bagama, Suleja, yake sanar da rasuwar janaretonsa, Dattijo, wanda ya cika ranar Asabar da azahar.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayar yaushe za a kawo wuta ba. Ja ɗaya, ya yi gyaran murya, "tu-tu-tu", firizar uwargida Bara'atu ta ɗauka, kunun ayar da take sayarwa ya yi sanyi.

Khamis, wanda aikinsa a Abuja shi ne koya wa kwamfuta gano ciwon inji tun kafin ya kwanta, ya liƙa wa Dattijo 'yar na'ura mai jin zafinsa da rawar jikinsa. Ya sha cika baki a majalisa cewa manhajarsa mai karanta na'urar ba boka ba ce, in ta ce inji zai mutu sai ta faɗi dalili.

Ta kuwa faɗa. Ta ce Dattijo na gab da tafiya, dalili kuma rawar jikinsa ta yi yawa. Bara'atu ta ce a kira Ifeanyi makaniki. Injiniya ya ga ai faɗuwa ce, mai digiri ya kira mai sifana. Sai ya ɗauko bulo ya ɗora wa majinyacin a ka. Rawa ta ragu, manhaja ta ce da sauƙi, Injiniya ya ƙara wani bulon don sauƙin ya ɗore.

Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙwas".

Ya bar firiza mai zubar da hawaye, da kunu cike da ita wanda ya yi tsami, da maƙwabci Obiora da ba shi da sauran wurin cajin waya, da Bara'atu, wadda take ta lissafin asarar kununta har yanzu. Wannan lissafin ya fi komai tsorata mai makoki.

'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su ɗauki gawar gobe da hantsi, Ifeanyi zai cire abin da ya ciru. Masu ta'aziyya su zo da mafici. Manhajar kaɗai ta ƙi zuwa rakiya, don a ganinta Dattijo bai taɓa samun lafiya kamar yau ba. Ta kuma faɗi dalili: ba zafi, ba rawar jiki.