Rasuwar Idon Wani, Tabaran Ƙungiyar Masu Ban Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Hambali, shugaban ƙungiyar masu ban ruwa ta layin kanal ɗinmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, yana sanar da 'yan ƙungiya da sauran jama'a rasuwar tabaran koyarwa da aka damƙa masa amana, wanda manoma suka laƙaba wa suna Idon Wani. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, ba kuma wutar lantarki ba. Hambali ne ya kashe shi, da ruwan da ba nasa ba. Ya so a rubuta cewa ambaliya ce. Aka ce masa ba a taɓa ganin ambaliyar da ta cika buhuna da ƙasa ta jera su a tsakiyar kanal ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce a rubuta yadda abin ya faru.

Marigayin ya zo mana ne a hannun wasu masu horarwa daga birni. Ɗan akwati ne fari da ake ɗaura wa mutum a fuska, ya rufe masa ido da kunne. Da zarar an kunna shi ya yi ƙararsa ta sallama, tirin-tin, sai mutum ya bar jikinsa ya shiga na wani. Ka duba ƙasa ka ga hannuwan da ba naka ba. Ka zama gurgu a kan keken hannu, gadar katako a gabanka ta fi kekenka ƙunci. Ka zama kurma a taro, bakuna na motsi, ana ɗaga hannu ana yanke shawara a kanka, ba ka ji ko kalma ɗaya ba. Amma abin da ya fi girgiza mutane shi ne lokacin da zai mai da kai manomin ƙarshen kanal.

Kowa ya san yadda ruwanmu yake. Na kan kanal su sha su ƙoshi, na ƙarshe su jira. Shi ya sa tun zamanin iyayenmu aka keɓe wa na ƙarshe Talata: ranar nan kowa zai toshe bakin gonarsa ya bar ruwa ya wuce ƙasa. Masu horarwa suka je can ƙarshe suka ɗauki hoton gonar Gwaggo Kubra, dattijuwar da albasa ce cinta da na jikokinta, suka zuba a cikin marigayin har da muryarta. In ka sa shi za ka tsinci kanka tsugune a bakin busasshen fangali. Ganyen albasa ya kwanta, ƙasa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarka, can sai ka ji tari, ka ji murya ta ce, "Yau ma bai zo ba."

Marigayi ya kasance mai gaskiya. Bai taɓa nuna wa mai eka goma wani abu daban da wanda ya nuna wa ɗan ƙwadago ba. Bai san Alhaji ba, bai san Malam ba. Duk wanda ya sa shi, gurgu yake zama, ya kuma ji yadda ake ji. Ba ya cin komai sai cajin sola. Ba ya zagi, ba ya gori, amma ya sa ƙarti sun cire shi suna goge ido da hula. Ta dalilinsa Musaddiƙ kafinta ya ƙara wa gadar katako faɗi ba wanda ya roƙe shi, har Surajo gurgu ya daina zagaye mai nisa kafin ya isa gonarsa. Ta dalilinsa aka fitar da taron ƙungiya daga zaure zuwa gindin mangwaro, inda mata za su iya zama su yi magana. Wannan aikinsa ne, kuma za a shaide shi da shi.

Ba wanda ya so shi kamar Hambali. Ranar da ya fara sa shi kuka ya yi har gemunsa ya jiƙe. Ya nemi Gwaggo Kubra a wurin taro ya durƙusa. "Gwaggo, wallahi na gan ki a ciki, sai da na yi hawaye."

Ta dube shi. "To sannu da kuka, Hambali. Ranar Talata ka turo mini hawayen ta kanal, ko albasata ta samu."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya miƙa mata tabaran ta gwada, ta ture da bayan hannu. "Me zan gani? Daga can na fito."

A nan cutar ta fara, ba a jikin marigayin ba, a zuciyar mai riƙonsa. Hambali ya gano cewa kuka yana da daɗi. Ya ɗauke tabaran daga ofishin ƙungiya ya kai bukkar gonarsa, can kan kanal, wai don kada ƙura ta shige shi. In rana ta yi tsaka ya shiga inuwa ya ɗaura, ya tsuguna a gonar Gwaggo Kubra ta cikin gilashi, ya yi hawayensa, ya cire yana jin kansa wankakke kamar wanda ya fito daga wa'azi. Yana ganin mutumin da ke kuka haka ba zai zama azzalumi ba. Da wannan lissafin yake jera buhunansa a kanal ranar Talata da sassafe, yana ce wa kansa ɗan lokaci ne kawai, shinkafa ta fara ciki, in ta jiƙa zai cire. Yana tausayin Kubran da ke cikin akwati fiye da wadda ke tsaye a rana tana jira.

Kuma kada wani ɗan ƙungiya ya karanta wannan ya ji daɗi. Buhunan nan ba a ɓoye suke ba. 'Yan kwamiti sun sha wucewa ta kansu a kan babur, su ɗaga hannu su ce sannu da aiki, Shugaba. Da yawansu sun yi nasu kukan a cikin marigayin.

Ajali ya zo ranar Talatar da ta wuce. Hambali ya toshe kanal, ya hau babur ya tafi Bunkure neman taki, ya tarar da abokai, hira ta yi daɗi. Ranar kuwa an sako ruwa da ƙarfi daga madatsa. Ruwa ya zo ya tarar da hanya a rufe, ya taru, ya haura gefen kanal, ya bi ta cikin shinkafa ya shiga bukka. Marigayin yana ƙasa a cikin kwalinsa. Da Hambali ya dawo ya tsamo shi yana ɗiga, ya danna, sai wata 'yar ƙara ta fito kamar ta mai shaƙuwa, tir... tir..., sannan shiru.

Yana tsaye da shi a hannu, ruwa har idon sahu, Gwaggo Kubra ta iso. Ta gaji da jira ne ta biyo kanal da ƙafa tun daga ƙarshe, ta ga inda ruwanta ya tsaya. Ta kalli buhunan, ta kalli bukkar, ta kalle shi. "Ashe nan ruwana ya sauka baƙunta. Sannu, ɗan nan. An yi rashi."

Hambali ya so ta zage shi. Ba ta zage shi ba, ta juya ta koma. Ya ce tun daga ranar abinci ba ya masa ɗanɗano.

An yi jinya iya ƙoƙari. An cusa marigayin a buhun shinkafa 'yar gida ko za ta tsotse ruwan. An shanya shi a kan rufin kwano. An kai shi wurin mai gyaran waya a Kura, ya buɗe, ya ga laka har cikin gilashi, ya mai da murfin ya ce a yi haƙuri. Albasar Gwaggo Kubra kuwa ba wanda ya kai ta wurin mai gyara. Fiye da rabinta ta ƙone.

Marigayin ya bar 'ya'ya biyu, wato 'yan sandunan sarrafa shi, na riƙewa a hannun dama da na hagu, waɗanda yanzu ba su da abin nunawa. Ya bar caja da maɗaurin kai. Ya bar matan ƙungiya da samarin da aka yi ta ce wa su jira manya su gama, har ya rasu layi bai zo kansu ba. Ya bar Hambali.

Ba za a yi masa salla ba, domin ba shi da rai, kada wani ya zo da shirme. Ba zaman makoki, ba dafa abinci. Ba za a binne shi ba, saboda batirinsa guba ne ga ƙasar noma; za a mai da gawar ga waɗanda suka kawo shi. Za a taru ranar Talata da hantsi a bakin bukkar Hambali. Shi zai fitar da buhunansa daga kanal da hannunsa, ya ɗora kwalin a ka, ya bi gefen ruwa da ƙafa har gonar Gwaggo Kubra, 'yan kwamiti na biye da shi, su ma ba babur. Masu ta'aziyya su yi wa Gwaggo, ba shi ba.

Da wannan sanarwa, ƙungiya ta sauke Hambali daga shugabanci. Rani mai zuwa Gwaggo Kubra za ta noma gonarsa ta kan kanal, shi kuma zai noma tata ta ƙarshe. Ruwansa ranar Talata ne, in na sama sun bari ya wuce.