Faransancin Motar Albasa

Sharaɗin shiga kwas ɗin kwatanta adabi a jami'armu shi ne ka iya wani harshen waje ban da Turanci. Na bugi ƙirji na ce Faransanci, tunda na taɓa bin motar albasar kawuna daga Aliero zuwa Kwatano. Har na sanar da abokaina na Jega cewa daga nan sai Faris.

Ranar gwaji malamar ta miƙo mini wata waƙa. "To ɗana, mi mawaƙin ka cewa?"

Na gyara murya, na juye mata duk Faransancina, wanda ake yi wa jandarma a kan iyaka: "Bonjur shef, albasa ce."

Ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Kwas ya wuce ni. Yanzu ko kakata Shef Albasa take kirana.