Rasuwar Beryl, Motar Da Kara Ta Kashe A Mashigin Thornbeck

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takalman da har yau ba su gama bushewa ba, Mista Desmond Ackroyd na Gidan Kan Tudu, Thornbeck, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci ta wannan kwari, da duk wanda marigayiyar ta taɓa tasa daga barcin safiyar Lahadi, rasuwar motarsa Beryl. Ta cika ranar Asabar da hantsi a tsakiyar mashigin ruwan ƙauye, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya da ba ta wuce kurɓi ɗaya ba. Mista Ackroyd bai iya riƙe alƙalami ba tukuna, shi ya sa ƙungiya ta ɗauke masa nauyin wannan sanarwa.

Marigayiya ja ce, mai ƙofa biyu, mai ƙaramin jiki da babbar murya. Desmond ya same ta tun gashin kansa yana nan, ya raɗa mata sunan gwaggonsa Beryl, wadda in ta buɗe baki a waƙar coci sai mai kiɗa ya haƙura ya naɗe hannu. Mota ce mai biyayya. Ba ta taɓa ƙin tashi ba sai in ana sanyi, ko ana ruwa, ko an yi hazo, wanda a ƙasar tamu kusan kullum ke nan. Ba ta da kwaɗayi, ban da baƙin mai, shi ma ba duka take shanyewa ba, tana barin kaɗan a ƙasan gareji. Duk wanda ya zauna da ita zai tuna gaisuwarta ta safe: "Ƙyar-ƙyar-ƙyar... uhum... ƙyar," sai ta yi shiru ta ga ko da gaske ake, sannan ta ce "gurrr" tagogin maƙwabta su amsa.

Wannan murya ba da ita aka haife ta ba. Inji yana son iska mai sanyi yadda tsoho yake son shayi mai zafi, iskar da ke ƙarƙashin murfin inji kuwa ɗumi gare ta, tana sa shi kasala. Don haka tun shekarun baya Desmond ya cire akwatin iskar da kamfani ya sa mata, ya ja dogon bututu daga inji ya gangara da shi har bayan bambar gaba, inda iska take a sanyaye, ya ɗaura matatar iska a bakinsa. Wannan shi ne hancin Beryl, kuma bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Tun daga ranar, in ya taka ta sai ta ja numfashi ta ce "fuuu-waaaf", kamar za ta haɗiye titin. Ko aikin ya ƙara mata gudu? Desmond ya ce ya ƙara. Ƙungiya ba ta musu da mai makoki.

Sai dai mai hanci a idon sawu bai kamata ya zauna a Thornbeck ba, inda tsakanin gidan Desmond da sauran ƙauye akwai rafi, hanya kuma ta cikinsa ta bi. Iska in fistan ya matse ta tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya jin lallashi, inji ya shaƙe shi sai dai wani ba shi ba. Saboda haka da zarar rafi ya ɗan kawo, sai Desmond ya juya kan Beryl ya zaga ta gadar Askerby, tafiyar da sai mutum ya manta abin da ya fito saya. Rafin kuma 'yan shekarun nan ba ya jiran damina. Matarsa Hilary ta yi haƙuri har haƙurin ya gaji da ita.

"Des," in ji ta wata rana a kan gadar, "wai mota muke da ita ko kyanwa? Kyanwar ma in ta matsu tana taka ruwa."

"Ba tsoro ba ne, Hilary. Lafiyarta ake lallaɓawa."

"To lallaɓa ta da kyau. Ranar baje kolin kaka za ta ƙetare mashigin nan da ni a ciki, da kek ɗina na gasa a cinya. Ta ƙetare, gareji nata ne har ƙarshen ranta, ba za ka sake jin bakina ba. Ba ta ƙetare ba, ka nema mata gidan wani, in zuba keken ɗinkina da tukwanen furannina a ciki. Ka ji ko?"

Ya ji. Wanda ya san Hilary ya san ba ta maimaita magana, ba ta kuma janye ta.

Dukan bazarar bana Desmond a gareji ya yi ta. Ya yanke bututun, ya sayo gwiwoyin roba, ya karkata shi ya hau da shi sama ta cikin madigadin dama, ya huda gefen jikinta dab da madubi ya fito da bakin bututun ta nan, ya sa raga, ya yi mata 'yar rumfa don kada ruwan sama ya leƙa. Mutumin da ko kwalin madara bai cika iya buɗewa ba, sai ga shi yana kwana da zancen kusurwa da faɗin bututu. Ya kwanta ƙarƙashinta ya fesa mata ruwa da tiyon ban-ruwan lambu, ba ta ko yi atishawa ba. Ya sa dogayen takalman roba ya shiga mashigin da sandar tafiyarsa, ya auna, ya dawo ya jingina sandar a jikin Beryl, ya ga hancin ya haura alamar nesa ba kusa ba. A mashaya ya buga tebur ya ce, "Yanzu ruwa in yana son ta, sai dai ya yi tsalle." Aka tafa masa. Aiki ne mai kyau, wannan a rubuta shi. Duk ruwan da zai taso daga ƙasa Desmond ya gama da shi. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne, a ƙasar nan hagu muke bi, duk abin da ya taho daga gaba ta damanka yake wucewa.

Ranar baje koli aka tashi da yayyafi. Rafi ya kawo, ya yi launin shayi da madara, amma ko rabin tsayin sabon hancin bai kai ba. Desmond ya sa hular fita kunya, Hilary ta rungume kek ɗin citta a cikin gwangwani, suka gangaro tudu Beryl tana waƙa. Suna isa bakin ruwa sai ga Norris Metcalfe, manomin tsallake, ya iso ɗaya bakin a kan taraktarsa.

A nan ne ajali ya yi sallama. Mashigin Thornbeck yana ɗaukar abin hawa biyu in an matsa, amma ba mai mutunci da zai shiga alhali wani yana jira. Desmond ya ƙyafta fitila, wato fara wucewa. Norris ya ƙyafta tasa, wato a'a, kai dai fara. Desmond ya fito da hannu ya yafito shi. Norris ya ɗaga hula ya nuna masa ruwan da tafin hannu, kamar mai miƙa kujera ga baƙo.

"Des, mutumin nan ya ba ka hanya. Wuce mana," in ji Hilary.

"Ni na fara ba shi. In na wuce yanzu ai na mayar masa da alherinsa a fuska."

"Alherin naka ne ko nasa?"

"Shi ne abin da ake ƙoƙarin ganewa, Hilary."

"To ku gane da wuri, kek ɗina zai tsufa a nan."

Aka ci gaba da ƙyafce. Agwagin ƙauye suka zo, suka duba hagu suka duba dama, suka ƙetare abinsu. Sannan abin da yake faruwa kullum ya faru: a daidai lokaci guda kowannensu ya ga cewa ci gaba da ƙi ya zama rashin kunya, sai duk suka shiga tare. Ana barin halal don kunya, an ce, to a Thornbeck har mota ana bari.

Norris da ya ga abin da ya yi, kunya ta kama shi, ya ce bari ya yi sauri ya ba bayin Allah wuri. Ya taka tarakta. Ruwa ya tashi a gaban manyan tayoyinta kamar an tura katanga. Desmond kuwa ya raɓe hagu, ya sauke gilashi don ya ce na gode, ƙafarsa tana kan totur yadda doka ta ce, don ba a barin inji ya yi sanyin gwiwa a cikin ruwa. Beryl ta buɗe sabon hancinta ta ja dogon numfashi, irin wanda aka san ta da shi, a daidai lokacin da igiyar ruwan ta iso gefenta na dama.

Kalamanta na ƙarshe, kamar yadda shaidu uku suka tabbatar: "Fuuu... gulub. Ƙwas."

Ragowar ruwan ya shigo ta taga ya sauka a kan Desmond, wanda hakan ya kare kek. Rafi ya ci gaba da wucewa ta ƙarƙashinsu ba abin da ya dame shi. Norris ya tsaya ya leƙo daga sama, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

"Kai, Des, don Allah yi haƙuri."

"A'a, ni ne da ba da haƙuri, Norris. Ni na tare maka hanya."

"An dai sha ruwa yau."

"An sha kam," in ji Desmond, yana ɗiga.

"Ku ci gaba da ba juna haƙurin," in ji Hilary, "in kun gama ku same ni a can." Ta tuɓe takalma, ta ɗora gwangwanin a ka, ta ratsa ruwan da ƙafa ba ta waiwayo ba. Kek ɗin ya zo na biyu. Alƙalai sun ce ya ɗan yi danshi.

Kowa ya san ba a murɗa wa motar da ta sha ruwa makulli. Desmond ma ya sani, shi yake koya wa sababbin 'yan ƙungiya. Amma ya murɗa, don ba wanda yake yarda da mutuwar nasa a karon farko. Ta ce "ƙit", ba ta ƙara ba. Norris ya ja ta zuwa tudu, aka kwance fulogai, ruwa ya yi tsiri daga ramukan, Norris ya rantse har da ɗan kifi. Makaniken Askerby ya zo ya saurari ƙirjinta, ya cire hula, ya ce inji ya buga, sandar fistan ta lanƙwashe, irin nata kuma an daina ƙerawa tun kafin a yaye shi. Desmond ya zauna a kan dutsen bakin rafi ya yi kuka, kuka na gaske, mu kuma 'yan ƙungiya da muka iso wurin muka ga ya dace mu duba sararin sama mu tattauna yanayin gari.

Ta rasu ta bar mijin Hilary, wanda ya yi mata hidima fiye da yadda ya yi wa kansa. Ta bar tayar safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da rabin gwangwanin man goge jiki, da tabon baƙin mai a daɓen gareji wanda aka yi wa sabulu ya ce yana nan daram. Ta bar bututun da aka ɗaga, lafiyarsa ƙalau ko ƙwarzane babu, abin da ya fi komai ƙona wa Desmond rai. Ta kuma bar maƙwabta da dama da suke barci har rana ta fito, suna ta zuwa gaisuwa da fuskokin da suka ƙoshi da hutu.

Desmond mutum ne mai cika alkawari. Ya share gareji, ya kwashe sifanoninsa, ya miƙa wa Hilary makulli da hannu biyu. 'Yarsu Philippa ta ara masa motarta mai lantarki, irin wadda take tafiya kamar munafuki, ba tari ba gyaran murya. Ran Laraba da yamma ya dawo daga ƙauye, ya shiga kicin, ya ce wash. Hilary ta zabura, tukunyar shayin tangaran ta suɓuce daga hannunta ta tarwatse.

"Wane irin mutum ne zai faɗo wa mutane gida kamar ɓarawo? Ko ruwa ban ɗora ba!"

Desmond ya dubi tebur, wayam. Sai a lokacin ya lura, tun da suka yi aure bai taɓa shigowa bai tarar da shayi yana tururi ba. Ya ce shi ya ɗauka agogo take dubawa.

"Agogo? Kai ka taɓa dawowa a kan lokaci? Ita nake ji. In ta yi wannan ihun nata a gindin tudu sai in ɗora buta, in san ka ƙetare lafiya." Ta juya masa baya tana goge inda ba datti. "Ɗauko tsintsiya, kar ka tsaya kana kallona."

Har yau ba keken ɗinki a garejin, ba tukunyar fure ko ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi. Gawa za ta tashi daga filin bayan mashaya zuwa wurin 'yan gwangwan na Askerby, Norris Metcalfe ne zai ja, bisa roƙonsa, bayan an sha fama da shi da Desmond a kan wa zai ɗora wa wani wahala. Ba a buƙatar furanni. Bayan an dawo za a zauna karɓar gaisuwa a Gidan Kan Tudu, akwai shayi da kek.

Misis Ackroyd tana roƙon duk mai zuwa ya danna hon in ya iso gindin tudu, ta ce saboda buta ne kawai. Shi kuwa Mista Ackroyd an umarce shi ya riƙa dannawa kullum in zai dawo, da ƙarfi, har sai ya ga hayaƙin kicin.