Yadda Za Ka Sa Dodo Ya Yi Magana Irin Ta Kakarka

Kana rubuta labarin duniyar ƙage, mai rana uku a sama da dodanni masu fiffike, amma mutanen ciki suna magana kamar takardar ofis? Bi matakan nan. Na ba ka tabbaci, kafin wata ya ƙare masu karatu za su rantse tsohon duniya ne kai.

1. Nemi tsohuwa

Ba a ƙirƙirar karin magana, ɗebo ta ake yi. Ɗalibina Suhaib na Unguwar Rimi, wanda masu karatu ke jiran babinsa a waya duk Juma'a, rijiyarsa ɗaya ce tak: kakarsa Magajiya a Rigachikun. Ranar da ta yi shiru, littafi ya mutu. Ka je, ka gaishe ta sama-sama, ka kunna waya a aljihu tana ɗaukar murya.

2. Canja dabba

Inda ta ce akuya, sa dodo. Inda ta ce ɗaka, ce fada. Kada ka tsaya neman ma'ana, masana sun ce tunani yana rage wa hikima maiƙo.

3. Jingina wa matattu

Fara da “Mutanen Tsaunin Gajimare na cewa.” Ba su wanzu ba, ba za su kai ka ƙara ba.

4. Kada tsohuwa ta ji

Nan Suhaib ya kwafsa. Baki har kunne ya karanta mata: “Dodon maƙwabta ya fi wani yarima leƙo sarauniya.”

Magajiya ta ajiye goro. “Maigidana, wa ya ce da kai karin magana ce? Akuyar gidan Yakubu nake nufi, da kai. Ita kullum sai ta leƙo ni.”

“Haba Hajiya, ai fasaha ce.”

“Fasahar gidanku. Daga yau bakina ya rufu, sai ga wanda ya kwana biyu a nan ya ɓare mini gyaɗa.”

5. Sayi tabarma

Yanzu duk Asabar Suhaib yana Rigachikun, yatsu sun yi kanta. Jiya ta buɗe baki bayan buhu guda, ya yi wuf ya kunna waya. Ta ce, “Miƙo min buta.” Ya sa a babi na tara, masu karatu har da kuka.

Gargaɗi: in kakarka ta riƙe ka har kakar gyaɗa ta wuce, kada ka neme ni. Ban san ka ba, ban san dodonka ba, kuma tawa kakar ba ta da lambata.