Mai Takaba a Filin Rawa

Duk wanda ya lissafa manyan Yendi ya tsallake Mutala Darakta, ya yi wa garin rowa. Bawan Allah ne da aka hore wa kyamara ɗaya, na'urar bidiyo biyu da janareta mai tarin fuka. Ya taɓa kwana a Kumasi, shi ya sa ba ya cire baƙin tabarau sai zai yi alwala.

Baiwarsa ita ce dashe. Bikin da bai yi jama'a ba, Darakta zai cika shi. Yana da wani yanki da ya tace daga wani tsohon bikin Salaga: fili maƙil da mata, wata Hajiya Safura a tsakiya tana juyi. Sai ya jona bidiyon nan da wancan, ya kwafi yankin ya dasa a kaset ɗin kowa. Ta haka Safura ta taka rawa a Chereponi, ta taka a Nalerigu, alhali ƙafarta ba ta bar Salaga ba.

"Ku biki kuke gani," yakan ce, "ni tarihi nake ginawa."

Aka yi wani aure a Bawku, ruwa ya kori mutane. Darakta ya dasa Safura, ya buga kwanan wata da manyan haruffa don a san aikin gwani ne. Wani ɗan kasuwar doya ya kai kaset ɗin Salaga. Ashe a ranar da ya buga ɗin Safura tana cikin takabar mijinta, Alhaji Wahabu.

Gari ya ɗauka. Mai takaba a filin rawa, har Bawku! Issahaku, yayan marigayin, ya rantse sai ta bar gidan, 'ya'yanta kuma su dawo hannunsa. Baiwar Allah ta yi rantsuwa, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Abin tausayi, babu mai saurarenta, babu kuma wanda ya tsaya ya kalli kaset ɗin har ƙarshe.

Aka aika Yendi aka kira Darakta. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ta, amma girman kai rawanin tsiya. Ya zauna a zaure gaban dattawa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ni ban san dashe ba," ya ce. "Abin da kyamarata ta gani a Bawku, shi ta ɗauka. Mutum yana ƙarya, na'ura ba ta yi."

Don ya burge su, ya kunna kaset ɗin da kansa. Ga Safura tana juyi. Can sai ga wani dattijo mai farar hula ya kutso bayanta, yana tafi yana washe baki. Alhaji Wahabu ne.

Issahaku ya daɗe yana kallon ƙaninsa, ya share ido, sannan ya juyo.

"Massa Darakta, mu da hannunmu muka sa shi a kabari. Faɗa mana, wace lori ya hau zuwa Bawku?"