Ranar da Na Ɗaure Kaina a Ɗakin Baƙi

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ba, a shekarar da sojoji suka yi ta bore a Bangui, ranar da na sa hannu na ɗaure ƙafafuna, na kuma kasa kwance su.

A lokacin ina sayar da ƙusoshi da fenti a Kasuwar Kilomita Biyar, kuma wata biyu ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci. Karatun allo na yi shi tun ina yaro, amma boko sai da furfura ta fito na je neman sa. Malamarmu, Malama Zenaba, ta lura duk sanda zan tashi daga benci sai na dafa kafaɗar na kusa da ni. Rannan bayan an tashi ta miƙo mini wani ɗan littafi na Faransanci wanda bangonsa ya cire, cike da hotunan wani siririn mutum yana lanƙwashe jiki. Ta ce sunan abin yoga, motsa jiki ne da ke taimakon gwiwa. Ta ce in kalli hotunan kawai, ranar Litinin za ta karanta mini bayanin, kada in fara komai kafin nan.

Litinin ɗin ce aka wayi gari da harbi. Kasuwa ta rufe, aji ya tsaya, Titin Koudoukou ya zama ba mai bi sai wanda ya matsu. Mazan layinmu suka koma yin jam'i a tsakar gidana, ƙarƙashin mangwaro, suka kuma sa ni gaba. Ba zan ɓoye muku ba, limancin nan ya yi mini daɗi. Matsalar ita ce gwiwa. Duk ɗagowa daga sujada sai ta yi ƙara har sahu na biyu su ji. Maƙwabcina Alhaji Buba, mai sayar da atamfa, ya fara cewa cikin ladabi idan na gaji shi ba ya jin nauyin shiga gaba. (Alhaji Buba mutumin kirki ne, amma idan ya kama sura sai tuwo ya huce.)

Mutane suna cewa ni mai haƙuri ne, kuma na yi haƙurin kwana tara cur. A na goma na ɗauko littafin.

Ga inda na yi kuskuren. Duk littafin da na taɓa riƙewa a rayuwata daga dama ake buɗe shi, mu kuwa a aji allon bango kawai muka sani da 'yan takardu. Don haka na yi bisimilla na buɗe daga dama, yadda aka koya mini. Na ga lamba arba'in da takwas a ƙasan shafin, kuma ni ɗan kasuwa ne, na san lamba. Amma sai na ce a raina, ai shekaruna ke nan, wato wannan shafin nawa ne.

Mutumin hoton yana zaune, ƙafar dama a kan cinyar hagu, ta hagu a kan ta dama, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Na ce wannan ai zaman harɗe ne, tun gaban malam muke yin sa. Bayan azahar na shiga ɗakin baƙi da ke bakin ƙofa, daga ni sai singileti da gajeren wando, na shimfiɗa tabarma. Ƙafar dama ta hau da ƙyar. Ta hagu ta ƙi, na kama ta da hannu biyu na jawo kamar ina zare ƙusa daga katako. Ta hau. Wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar, daga nan kuma ba gaba ba baya.

Matata Asabe tana tsakar gida tana tankaɗen garin rogo, da na yi tari ma za ta ji. Amma da wane baki zan kira ta? Na zauna ina gumi, ina lallaɓa ƙafar kamar ana ciniki da ita, har inuwa ta karkata. Sai harbi ya tashi, wannan karon kusa. Mutanen da suka taho sallar la'asar suka rugo cikin gida da gudu, kuma ɗakin farko da suka samu shi ne nawa. Mutum shida, kowa ya zube rub da ciki. Ni kaɗai ke zaune, baya a miƙe, hannuwa a kan gwiwa.

"Liman, kwanta mana," in ji Alhaji Buba daga ƙarƙashin tebur.

Na ce masa nan ma lafiya lau. Wani dattijo, Baba Isa tela, ya ɗago kai ya dube ni, ya gaya wa sauran su kalli abin da ake kira tawakkali, ga mutum ko gezau. Har da cewa shi ya daɗe yana zargin akwai wani abu tare da ni. (Allah ya yafe mini, na ɗan sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo.)

Harbi ya lafa. Kowa ya tashi yana kakkaɓe riga, aka ce liman a zo a tayar da salla. Na ce su fara alwala. Suka ce da alwalarsu suka zo. Sai a lokacin suka lura da gajeren wandon, da littafin, da mutumin hoton da ke zaune irin zamana.

"Alhaji," na ce, "don Allah zo ka kwance ni."

Shi ya riƙe kafaɗa, Baba Isa ya kama diddige, suka warware ni kamar ragon layya. Asabe tana bayan ƙofa tana tambaya ko harsashi ne. Baba Isa ya ce mata a'a, maigidanta ne ya harbi kansa da littafi.

Mako uku ina salla a kan kujera, a ƙarshen sahu, bayan Alhaji Buba, tuwo yana hucewa. Da gari ya ɗan natsu Malama Zenaba ta zo duba ni. Ta karɓi littafin, ta juya shi a hannuna ba tare da ta yi dariya ba (Asabe ce ta yi mata), ta buɗe daga hagu. A shafi na ɗaya mutumin yana zaune ne a kan kujera, yana miƙe ƙafa ɗaya a hankali. Ta karanta mini abin da ke ƙasa: mai ciwon gwiwa ya fara daga nan, ya sa matashi idan zai durƙusa, kuma da ya ji zafi ya tsaya. Wancan zaman nawa, ta ce, na waɗanda suka shekara da shekaru ne.

Yanzu kullum da safe ina miƙe ƙafata a kan kujera, kuma ina ɗagowa daga sujada ba dafa kowa. Limancin dai bai dawo ba, don kafin in warke an buɗe hanyar masallaci. Na kai shafi na bakwai, da kaina nake karanta shi. Duk littafin da aka ba ni kuwa, kafin in yi bisimilla sai na tambaya ta ina ƙofarsa take.