Gawar Nomau a Kan Dutsen Shari'a

A wani daji da ke bayan wani busasshen kogi, akwai al'adar da dabbobi suka gada kaka da kakanni: duk wanda aka kashe, ba a binne shi sai danginsa sun ɗaga hannu sun nuna wanda ya kashe shi. Ana shimfiɗe gawar a kan wani faffaɗan dutse, gindin matacciyar kukar da kotu ke zama. Kwana uku ake ba dangi. In sun nuna, a hukunta wanda suka nuna, su ɗauki gawarsu. In sun yi shiru, a sallami wanda ake tuhuma, gawa kuma ta zauna nan har rana ta cinye ta. Dabbobin dajin sun yi imani cewa mamacin da bai shiga ƙasa ba, ba ya barin ƙofar gidansu.

Akwai wata tsohuwar gafiya, Tabawa, mai 'ya'ya biyu maza, Korau da ƙanensa Nomau. A shekarar da damina ta yi gardama, su biyun suka haƙa rami ta ƙarƙashin rumbun majalisa don su ɗebo gyaɗa. Kura ce ke gadin rumbun, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin hankalin majalisar. Korau ya fito da kumatu cike da gyaɗa. Nomau da ke biye da shi kai kawai ya leƙo, Kura ta cafke wuyansa, ta girgiza sau ɗaya, shi ke nan.

Da hantsi aka kira Tabawa kotu. Ta tarar da Nomau kwance a kan dutse, idonsa a buɗe, Korau kuma ɗaure a jikin saiwar kuka. Wurin ya cika maƙil, amma ko tari babu mai yi, sai ƙarar ƙudaje. Alƙali Jatau, wani tsohon gwaggon biri da gashin ƙirjinsa ya yi fari, ya ce ta nuna. Ba ta ɓata lokaci ba, ta miƙa hannu wajen Kura, wadda ke zaune a inuwa tana sakace.

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, sauke hannunki. Mai gadi ba ta kisa, aiki take yi. Ki sake dubawa."

Nan Dila, mai gabatar da ƙara, ya miƙe ya kakkaɓe bindinsa. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wa ya fara haƙa ramin nan? Korau. Wa ya san Kura na kwance a bakin rumbu? Korau. Wa ya ce wa ƙanensa taho mu je? Haƙorin Kura ƙarshen hanya ne kawai, amma wanda ya share hanyar ga shi can a ɗaure. Dokarmu ta ce waɗanda suka fita ɓarna tare igiya ɗaya ce ta ɗaure su, jinin wanda ya faɗi yana wuyan wanda ya tsaya. In muka saki wannan, gobe kowane wa zai tura ƙanensa bakin mutuwa, ya dawo gida ya ci gyaɗa."

Wasu suka gyaɗa kai, don maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, abin da ya fi ƙona ran Tabawa ke nan. Korau ya ɗago da kyar ya ce, "Ranka ya daɗe, sata na yi, a yi mini hukuncin ɓarawo. Amma Nomau, ni na goye shi yana jariri. Ban cije shi ba." Alƙali ya ce kotu ta ji, ya ɗage zama zuwa jibi.

Kwana biyun nan Tabawa ba ta sa komai a bakinta ba. Da rana tsaka, lokacin da dajin ke yin tsit har kana jin ganye na faɗuwa, sai ta ji ana karce ƙofar raminta, sau uku, a hankali, yadda Nomau ke yi in ya dawo kiwo. Ta leƙa, babu kowa, babu sawu, sai rairayi na gangarowa ciki shi kaɗai. Washegari ma haka, daidai wannan lokaci. Tsoro ya kama ta, amma tausayi ya fi tsoron yawa: ɗanta na waje a rana, yana neman a buɗe masa.

Maƙwabciyarta Bushiya ta zo gaisuwa, ta ce, "Yaya, ai ke aka yi wa karin magana: gafiya, tsira da na bakinki. Ki ja bakinki ki yi gum, su sakar miki Korau. Wanda ya tafi ya riga ya tafi."

Tabawa ta ce, "Ke ba ki ji abin da nake ji a ƙofar nan ba."

Shawarar Bushiya ita ce daidai, kuma Tabawa ta san haka. Sai dai gafiya ba ta iya ganin hanya a toshe ta haƙura, dole ta haƙa wata ta gefe. Ta yini tana saƙa da warwara, har ta samo dabarar da take ganin za ta fitar mata da 'ya'yanta duka biyu, ɗaya zuwa gida, ɗaya zuwa kabari.

Rana ta uku gawar ta kumbura, jama'a suka ja da baya suna toshe hanci, idon nan kuwa yana nan a buɗe. Da Tabawa ta wuce ta gaban Korau ya yi mata raɗa, "Inna, nuna ni kawai ki binne shi. Ni ma ina jin karcen, a jikin saiwar nan." Ba ta dube shi ba.

Alƙali ya ce ta nuna, ko ta yi shiru. Tabawa ta ɗaga hannu, ta dafa ƙirjinta.

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, in mai share hanya kuke nema, ga ni. Ni na koya musu haƙa rami tun ba su buɗe ido sosai ba. Ni na kwana uku ina kukan yunwa a gabansu, har suka kasa jurewa suka fita. Ban ce su je ba, amma na ga fitarsu ban ce su dawo ba. Na nuna, kamar yadda al'ada ta ce. Ku kama ni, ku kwance Korau ya je ya binne ƙanensa."

Dila ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, sannan ya ce, "Iya ta yi gaskiya, Allah ya saka mata. Sai dai igiyar doka ba a kwance ta daga wuyan wani a mayar wuyan wani. Ƙara mata tsawo ake yi. Da iya ta yi shiru, da yanzu ɗanta na hanyar gida. Tunda ta nuna, shari'a ta tabbatar an yi kisa, kuma masu hannu a ciki sun zama biyu."

Sai a lokacin Tabawa ta dubi Korau. Hawaye kawai ke bin kumatunsa. Ta so ta ce ta janye, amma alƙali ya riga ya buga sandarsa a dutse. Aka miƙa su ga mai zartar da hukunci, wadda saboda ƙarancin ma'aikata ita ce dai mai gadin rumbu. Kura ta miƙe ta yi hamma, ta tasa su gaba zuwa bayan kuka.

Kotu ba ta tauye haƙƙin mamaci ba. Nan take ta ba da izinin binne Nomau, aka yi shela sau uku cewa dangi su fito su ɗauki gawarsu. Akwai gafiyoyi fiye da ashirin a wurin, duk jininsa ne, amma kowa ya ji tsawon igiyar da kunnensa, babu wanda ya motsa.

A ƙarshen shekara majalisa ta yaba wa kotu ƙwarai, domin ƙarar kisa ta yi ƙasa sosai a dajin, ta kuma ba da umarni a faɗaɗa ƙofar ɗakin mai gadi, wadda ta fara yi mata kaɗan.